Ranar da Na Ce wa Malam “To”

Shekara ashirin da shida na yi a babban banki, na ga ranaku iri-iri, amma akwai wata Juma'a da har yau ta ƙi barin raina. Ba a ofis abin ya faru ba, a zauren gidanmu ne a Gwandu, kuma duk abin da na faɗa a ranar kalma ɗaya ce. Tunda ku da kuka shigo aikin kwanan nan kuna yawan tambayata yadda ake riƙe sirri, bari in ba ku labarin, kowa ya ɗauki abin da zai ɗauka.

Kafin in dawo gida na yi shekara goma sha ɗaya a wata cibiyar kuɗi ta ƙasa da ƙasa a ƙasar Turawa. Aikinmu shi ne mu sauka a ƙasar da tattalin arzikinta ya kwanta, mu yi mako biyu a otal, mu duba takardu, mu rubuta mata shawara, mu hau jirgi. Shawarar kusan kullum ɗaya ce: a daina tallafe kuɗin ƙasa da ƙarfin tsiya, a bar shi ya nemi farashinsa na gaskiya. A kowane rahoto akwai sakin layi guda da ake ware wa “waɗanda za su ɗan ji jiki na wani lokaci”. Na ƙware da rubuta shi, har abokan aiki kan kawo mini nasu in gyara musu. Ban san ko mutum ɗaya daga cikin mutanen wannan sakin layi ba, ba a kuma taɓa neman in sani ba.

Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ina mataimakin darakta a sashen kula da kuɗaɗen waje. Ga wanda ba ya cikin aikin, farashin da hukuma ke canza naira da dala ba da ka ake sauya shi ba. Akwai kwamitin manya da ke zama, mu 'yan sashe mu ke haɗa musu takardu. Kowace takarda da lambarta, ka sa hannu ka karɓa, ka sa hannu ka mayar, wayarka kuma a bakin ƙofa kake barinta. Tsakanin ranar da aka yanke shawara da ranar da aka sanar, mu kan kira su kwanakin kame baki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya ji labari kafin jama'a zai riƙe kuɗin waje ko ya saye da araha, bayan kwana uku ya sayar da tsada, ribar kuma daga aljihun wanda bai ji ba take fitowa. Ma'aikacin da aka kama ya fitar da magana, kora ce da kotu. A takardar rantsuwar da muke sa wa hannu an rubuta cewa ba da baki ba, ba a rubuce ba, ba kuma da ishara ba.

A wannan shekarar, ran wata Alhamis da la'asar kwamiti ya yanke cewa Litinin da safe za a saki farashin canji. Duk wanda ke ɗakin ya san naira za ta faɗi, kuma ba ƙaramar faɗuwa ba. Ni aka ba rubuta daftarin sanarwar. Ina cikin rubutun aka kira ni daga gida, aka ce Goggo Asabe ta rasu a Maruda. Ita ce ta ƙarshe a cikin 'yan'uwan mahaifinmu.

Da safiyar Juma'a na shiga wurin Darakta neman izini. Dattijo ne mai ƙarancin magana, ya kusa ritaya. Ya ce, “Dole ne?” Na ce dole ne. Ya jawo durowar teburinsa ya buɗe, ya ce, “Je ka. Amma ajiye mini bakinka a nan, ka karɓa ran Litinin.” Muka yi dariya. Na bi jirgin Birnin Kebbi, wani abokina ya ara mini motarsa, na isa Gwandu ana saukowa daga masallaci.

A nan sai na gaya muku wane ne Malam Haliru. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara goma sha shida. Mahaifinmu, Malam Buhari, ya rasu ina firamare, shi ya riƙe ni, shi ya tsaya kai da fata sai da na wuce sakandare, a lokacin da baffanninmu ke ganin bokon ya isa haka. Da safe yana karantar da magidanta a zaure, da rani yana noman albasa a fadama wajen Dodoru. Ban taɓa kiran sunansa ba, Malam nake ce masa. Shi kuma in yana cikin raha Bature yake kirana, in magana ta yi nauyi sai ya ce Sahabi.

Malam bai taɓa ce mini aikina haram ne ba. In na aiko a gyara rufin gida ya karɓa, kuɗin asibiti ya karɓa, na makarantar yara ya karɓa ya sa albarka. Amma sau biyu ina ce masa zan biya masa kujerar Makka, sau biyu yana ba ni amsa ɗaya: “Allah shi saka. Bari dai albasa ta kai ni.” Na gane. Albashin banki ne, kuma a wurinsa duk abin da ya raɓi kuɗin ruwa da sauran shakka a kansa. Zai rufa ɗaki da shi, amma ba zai tsaya gaban Ɗakin Allah da shi ba. Ba mu taɓa tattauna zancen ba, ko sau ɗaya.

A wurin zaman makoki na sha tambayar da na saba sha. Duk wanda ya yi mini gaisuwa, ya shafa addu'a, sai ya matso ya rage murya: “Alhaji, ya dala?” Ni kuma ina da amsata ta shekara da shekaru: “Tana inda kunka bar ta.” A yi dariya a wuce. Wannan bai taɓa ba ni wahala ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Bayan la'asar muka koma Gwandu, Malam ya ce in same shi a zaure. Mu biyu ne. Ya jawo tsohuwar gafakar mahaifinmu daga ƙarƙashin littattafai, ya zaro wani ƙunshi a farin ƙyalle ya kwance. Sefa ce, kuɗin Nijar da Benin. Fataken albasa da ke zuwa daga Gaya da Dosso da ita suke biya, shi kuma ya daɗe da lura cewa ba ta narkewa a hannu kamar naira, don haka ita yake ajiyewa. Ranin shekara bakwai ne a cikin ƙyallen nan.

Ya ce, “Bature, albasa ta cika alkawali. Na yi magana da Arzika mai canji na Kalgo, gobe da hantsi za ni kai mai. In na amshi naira in kai ma hukumar alhazai. An ce sai ƙarshen wata za a ruhe amsa, amma ni ban son jiran ƙarshe. Tunda Allah ya kawo ka da mota, kai za ka kai ni.”

Kafin ya rufe baki na gama lissafin, don aikina ke nan. Sefa ɗaure take da kuɗin Turai, in naira ta faɗi ita tashi take yi. Kujerar Makka kuwa da dala ake yanke ta, kuma ba a riga an faɗi farashin ƙarshe na shekarar ba. In ya riƙe sefarsa zuwa Talata, kujera ta tashi, sefa ta tashi tare da ita, ya biya ya tafi. In ya canza gobe, zai rungumi nairar da jibi da gata za ta zube, kujerar ta wuce shi. Kwana uku ne kawai tsakani, ga shi akwai sauran mako biyu kafin a rufe karɓa.

Ba sai na ambaci naira ba. Ina iya cewa motar aro ce, mai ita na nemanta. Ina iya cewa a bari a yi addu'ar bakwai ta Goggo tukuna, ba wanda zai ga laifin wannan. Duk sun zo mini a rai, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne na dube shi na san sunansa ishara.

A can Turai har mai koyarwa aka taɓa ɗauko mana, da kyamara, ya koya mana yadda mutum zai ce “ba ni da ta cewa a kan wannan” fuskarsa ba ta motsa ba. Na ci wannan jarrabawa da kyau. Sai dai ba ta aiki a zauren Gwandu. Ƙani ba ya duban wan da ya rene shi ya ce ba shi da ta cewa. Shiru kuma ya fi muni, don shiru ma magana ce. Abin da ƙani yake da shi “to” ne, kuma kun san “to” ba ɗaya ba ce. Akwai ta yarda, akwai ta mamaki, akwai wadda ake ja da nufin ka dai sake tunani, akwai ta kashe zance. Na tsaya na zaɓi wadda ta fi kowace zama fayau, ba gishiri ba yaji, na ce, “To.”

Malam ya dube ni kaɗan, ya mayar da kai ya ɗaure ƙyallensa. Ya ce, “Shi ke nan. Bayan kalaci mu tahi.”

Ran Asabar muka kama hanya ta Birnin Kebbi. Shi ke ta magana: yadda tsutsa ta so ta ɓata masa albasar bara, yadda Goggo ke dukana da mafici ina yaro, wane ne ya je aikin Hajji bara ya dawo da haƙorin Makka a tsufansa. Ni ina tuƙi ina amsawa. Sau uku maganar na zuwa mini har bakin leɓe. Ina tuna na ƙarshen, mun wuce gonakin shinkafa muna gab da shiga Kalgo, na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko in rage sanyin motar.

Tun kafin mu kai tasha ya ce, “Tsaya nan gindin dogon yaro. Zamna cikin mota, kak ka hito.” Shagon Arzika da sauran tafiya, ga Malam da ciwon gwiwa. Na ce in matsa da shi gaba kaɗan, ya ce a'a. Na ɗauka ba ya son Arzika ya ga babbar mota ya rage masa farashi. Na zauna ina kallonsa yana ɗingishi da gafaka a hammata har ya sha kwana. Bayan kamar rabin awa ya dawo da baƙar leda biyu. Ɗaya naira ce, ɗaya kuma bandar kifi ce ya sayo in kai wa maiɗakina.

Litinin da safe aka karanta sanarwa, ba a sauya ko kalma ɗaya daga daftarina ba. Darakta ya yaba mini a gaban mutane. Kafin azahar farashin sefa a bakin iyaka ya tashi yadda na lissafa, har ya ɗan zarce. Bayan 'yan makonni aka faɗi kuɗin kujera, aka ce kowa ya cika abin da ya rage. Giɓin da ke gaban Malam ba na albasar shekara ɗaya ba ne. Na kira shi a waya na ce ya bari in cika. Ya ce, “Allah shi saka. Albasa dai.” Ya je hukumar alhazai ya karɓo ajiyarsa ya dawo gida.

Na yi wata uku ban taka Gwandu ba, ina fakewa da aiki. Gaskiyar magana kunya nake ji, da wani haushi da ban san wa zan ɗora wa ba. Na bi doka, kuma har gobe ina ganin shawarar da kwamiti ya yanke daidai ce, da ni za a sake tambaya haka zan ce a yi. Amma sanin haka bai sa na iya kallon lambar wayarsa ba tare da gabana ya faɗi ba.

Babbar Salla ta tilasta mini zuwa. Ranar Arfa bayan la'asar na same shi a zaure yana azumi, rediyo na gefensa, ana sako gaisuwar alhazan jiharmu daga can, wannan na gaida matarsa, wancan na gaida mutanen unguwarsu. Wasu muryoyin ya san su, tare suka kai kuɗi. Na zauna, muka gaisa. Sirrin ya daɗe da zama labarin kowa, don haka babu abin da ya hana ni faɗa.

Na ce, “Malam, ranar da kac ce in kai ka Kalgo, na san abin da za a yi Litinin. Ni na rubuta takardar da hannuna.”

Ya miƙa hannu ya rage rediyon. Ya ce, “Na sani.”

Na ce, “Wa ya hwaɗa maka?”

“Kai.”

“Ni ‘to’ kawai na ce, Malam.”

“To, ai shi na.” Ya gyara zama. “Sahabi, ni na rene ka. ‘To’ naka na yarda gajere na, kana yin shi kana tashi. Wanga kuwa sai da ka tsaya ka share mai wuri kahin ka aje shi. Rabona da jin irinai tun ranar da ƙanwarmu Kulu ta zubda tawada bisa littahin Baba. Baba yac ce kai na, zai buge ka, ka san ba kai na ba, kac ce ‘to’. Na mai riƙon amanar wani na. Ina jin shi na san akwai abin da ka tahowa, kuma na san wajen da zai hwaɗi, don in alheri na ga mai naira, da ba ka yi nauyi haka ba.”

Na ce, “To mi ya hana ka jira? Kwana ukku na kawai. Ni ban hwaɗa maka komi ba, babu wanda zai kama ni.”

Ya ce, “Arzika ya san mun yi da shi Asabar. Gwandu dut ta ga ka zo Jumma'a. In na hwasa Asabar, naira ta hwaɗi Litinin, ko Alƙur'ani ka dahwa wa zai yarda? Sai a ce ɗan gidan Malam Buhari ya tahi birni ya koyo cin amana, wansa kuma shi ad ɗan amshi. Bar ma wagga. Kuɗɗin da na ƙi amsa ga hannunka ta ƙohwa, in zagaya in amshe su ta bayan gida? Ƙarin da zan samu na wani na, wanda bai da ƙane banki. Da shi zan tsaya Arhwa?”

Can na ce, “Shi ya sa kac ce in zamna cikin mota.”

Ya yi dariya, ya ce, “Ashe boko bai cinye ka duka ba. In Arzika ya ga huskarka ranan, ko makaho na sai ya karanta.” Ya ƙara muryar rediyon, ya ce in leƙa cikin gida in ga ko an fara haɗa abin buɗa-baki. Na tashi na fita. A soron ciki na tsaya na share idona, don ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba.

Da na koma aiki na ba Darakta labarin a taƙaice. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Ka yi abin da ya kamata,” ya jawo fayil na gaba. Ban ga laifinsa ba. Babu fom ɗin da ake cikewa a kan irin wannan, babu kuma shafin da za a sa shi a rahoton shekara.

Malam ya sake fara tari daga inda aka tsaya. Shekara ɗaya albasa ta yi kyau, shekara ɗaya ta ruɓe a rumbu, kujera kuma kullum tana gaba da shi da taki biyu. Daga baya gwiwar ta ƙi, likita ya ce tafiya irin wannan ba tasa ba ce. Yanzu ya haura tamanin, yana nan a zaurensa yana karantarwa. Bai je ba.

Ga abin da na ɗauka a ciki, ku ma'aikata. Na daɗe ina ganin kaina gwanin riƙe sirri, har ana ba da misali da ni. A ranar da abin ya zo da gaske, sirrin ya fita daga bakina a cikin kalma ɗaya. Wanda ya riƙe wa banki amanarsa manomin albasa ne da bai taɓa ganin takardar rantsuwa ba, kuma shi ya biya kuɗinta. Hannu ɗaya ke sa wa takardar nan hannu, amma gida guda ke ɗaukar nauyinta, ko an tambaye su ko ba a tambaye su ba. Saboda haka in kuna cikin kwanakin kame baki, ku yi nesa da gida in da hali. In ba hali, kada ku ruɗi kanku cewa fuskar da kuka koya a kwas za ta yi aiki a gaban wanda ya yi muku wanka kuna yara.

Sakin layin nan na masu jin jiki kuwa, na ci gaba da rubuta shi har na yi ritaya, don gaskiya ne, kowane gyara da wanda zai taka. Abu ɗaya na sauya. Na daina rubuta “za su ɗan ji jiki”. Na cire “ɗan”, kuma duk ƙaramin ma'aikacin da ya kawo mini daftari da shi a ciki, jan biro nake sa masa, ban cika faɗa masa dalili ba.

Ni na je Makka sau huɗu. In muka shiga ɗaurin aure ko suna tare a Gwandu, mai sanarwa kan ɗaga murya ya ce, “Ga Alhaji Sahabi nan, da wansa Malam Haliru.” Shi ko kai ba ya ɗagawa, wurin zama kawai yake nema saboda gwiwa. Ni ne har yau ban saba ba.